Kaset Mara Suna

Ruwan farko na shekarar 1990 bai yi wa kowa sallama ba. Tun hantsi ake zabga zafi a Kawo, sai wajen la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kwashi ledoji da takardun ƙosai ta yi sama da su. Kafin masu tebur su gama tattara kaya ruwa ya tsuge.

Safara'u ta fito ke nan daga makarantar koyon tafireta, za ta tasha ta hau bas zuwa Unguwar Dosa. Ba lema, ga takardun gwaji a ƙarƙashin mayafi. Rumfar da ta fi kusa ita ta faɗa, ba ta ma duba ta mece ce ba.

Shagon kaset ne. Mai shagon, Labaran, wani dogon saurayi mai ɗan saje, yana janye lasifika daga bakin ƙofa kada ta jiƙe. Kiɗan da ke tashi na rawa ne, irin wanda direbobin tasha ke so, ganga kamar za ta ɗaga kwano. Ya dubi yarinyar da ke ɗigar ruwa, ya dubi sama, ya kashe kiɗan.

"Ai da ka bar abinka, Malam," in ji ta. "Ba saye na zo yi ba, fakewa na yi."

"Ba don ke na kashe ba," in ji shi, wadda kuwa ƙarya ce tsagwaronta. "Wancan kiɗan rana ne. Ruwa yana da nasa."

Ya zaro wani kaset daga can ƙasan kanta ya saka. Garaya ce, ita kaɗai, ba waƙa. Mai kaɗa ta ba ya sauri, sai ka ce jira yake ɗigon ruwa ya sauka a kwano kafin ya taɓa tsirkiya. Ƙamshin ƙasa ya cika shagon. Safara'u ta jingina da bango tana saurare.

Can dai ta ce, "Wato kowane yanayi da kiɗansa?"

"Har ranar da mutum ya faɗi jarrabawa akwai nata."

"Allah ya sa kada in buƙace shi."

"Amin. Amma in ta faru, shagon nan ba ya tashi."

Ruwan ya ɗauke kafin kaset ya ƙare. Ta ga ya ɗauke, shi ma ya gani, babu wanda ya motsa har sai da rakoda ta yi ƙas ta tsaya da kanta.

Daga ranar hanyar tasha ta ƙara tsawo. Ƙawarta Husaina, wadda suke zama benci ɗaya a makaranta, ita ta fara ƙorafi.

"Ke, bas ɗin Dosa ga shi can. Me muke yi ta nan?"

"Nan ya fi inuwa."

"Inuwa mai saje ko?"

Husainar ce dai ta zama mai kai saƙo, tana mita tana kaiwa. Labaran ba ya sayen takardar wasiƙa, a bayan ɗan katin nan na cikin gidan kaset yake rubutu, inda ake jera sunayen waƙoƙi. Na farkon da ya aiko ga abin da ya ce:

"Zuwa ga Yayyafi. Bayan gaisuwa mai yawa. Jiya an yi ruwa ba ki biyo ba. Na saka garayar nan ni kaɗai, sai na ji ashe ba ta kai yadda nake zato daɗi ba. Ina neman izinin zuwa gida in gaida su Baba. Idan ba ki amince ba ki dawo mini da katin nan, na kaset ɗin wani ne. Naki, Labaran."

Ita kuwa a tafireta ta buga amsa, lokacin da malami ya fita salla:

"Sarkin Kiɗa, na ga saƙonka. Kati ba zai dawo ba, ka nema wa mai kaset wani. Gidanmu ne mai darbejiya biyu a ƙofa, bayan famfon unguwa. Ka zo Alhamis bayan la'asar. Kada ka zo da rakoda. Safara'u."

Mahaifinta, Malam Shehu, babban akawu ne a sakatariya, mutum mai auna magana kafin ya fitar da ita, sau da yawa ma in ya auna sai ya mayar. Bai kori Labaran ba, bai kuma ce a shimfiɗa masa tabarma ba. Shi idonsa yana kan Audu, wani yaron ofishinsu mai babur Besfa, wanda fansho ke jiransa a gaba.

"Mai sayar da kiɗa," ya ce wa matarsa Hajiya Binta. "Ranar da mutane suka daina rawa me zai ci?"

"Ai Malam, tun da aka halicci duniya ba a daina ba," in ji ta.

Shekara guda Labaran ya yi yana zuwa yana durƙusawa yana gaisuwa, ana amsa masa da "lafiya" guda ɗaya. Haƙuri dai ya dafa dutse. Bazara ta zagayo, Malam Shehu ya ce magabatan yaron su zo nan da mako biyu a ji abin da ke tafe da su.

To a nan ne abin ya faru, kuma sai an san wani abu game da gidan kafin a gane girmansa.

Safara'u tana da wa, Sanda, ɗan farin gidan. Ɗan ƙwallo ne, lamba tara a ƙungiyar Taurarin Dosa. Malam Shehu bai taɓa son ƙwallon ba. Ya yi faɗa, ya yi fushi, ya taɓa ƙona takalman yaron a tsakar gida, bai kuma taɓa taka filin wasa ba ko sau ɗaya. A 1984, ranar buɗe gasar shekara, aka sa wasansu a rediyo. Malam Shehu ya kulle kansa a ɗaki, ya rage murya, ya danna maɓallin ɗauka. Sanda ya ci ƙwallo ɗaya tilo ta wasan. Da aka tashi aka miƙa masa makirufo, yana haki ya ce yana gaida Babansa a Unguwar Dosa. Da ya dawo gida uban bai ce masa ya ji ba. Ya bari sai wani lokaci. Bayan mako uku motar 'yan wasan ta yi haɗari a hanyar Zariya, Sanda bai dawo ba.

Tun daga nan, duk shekara in damina ta kawo kai aka buɗe gasar ƙwallo, Malam Shehu yakan ciro kaset ɗin daga ƙasan akwati, ya rufe ƙofa, ya saurara shi kaɗai. Kowa a gidan ya san da shi, amma ba wanda ya taɓa ganinsa. Baƙin kaset ne, ko ɗigon biro babu a jikinsa.

A wannan makon ya ciro shi da wuri, ya ajiye kan rediyon falo ya tafi ofis. Safara'u kuwa ta ga hadari yana haɗuwa, ta tuna shekara ke nan cif da ruwan da ya kora ta shagon Kawo. Ta ga kaset ba rubutu cikin tarkacen da ke kan rediyo, ta ɗauka cikin tsofaffin wa'azin da aka daina saurare ne. Ta jefa a jaka.

"Ka ɗaukar mini garayar nan," ta ce wa Labaran. "Ina so in riƙa jin ta a gida in ana ruwa."

Ya juya kaset ɗin. A samansa akwai wasu 'yan kunnuwa biyu na roba, waɗanda in an karye su rakoda ba ta yarda ta ɗauki komai a kai. Na wannan a karye suke. Duk mai sana'ar kaset ya san ma'anar haka: mai abin yana cewa kada a taɓa. Amma duk mai sana'ar kaset kuma ya san maganinsa, don sau goma a rana ake kawo musu irinsa a ce a goge. Ya yago salatif ya liƙe ramukan, hannunsa ya yi aikin kafin kansa ya yi tunani. Minti ɗaya ya ishe shi ya saka ya ji abin da ke ciki. Bai saka ba, yana kallon yadda take gyara mayafi.

Don ya burge ta har ya ja makirufo ya yi magana a farko. Da yamma ta mayar da kaset ɗin inda ta ɗauko, tana jiran ruwa.

Ruwan ya zo ranar Asabar, ranar buɗe gasa. Bayan azahar Malam Shehu ya ɗauki rediyo da kaset ya shiga ɗaki ya rufe. Safara'u tana tankaɗe a rumfa, sai ta ji murya ta fito ta tagar mahaifinta, muryar da ta fi sani a duniya:

"Yayyafina, wannan naki ne. Duk ranar da aka yi ruwa ba na kusa, ki saka."

Sai garaya.

Rariyar ta faɗi daga hannunta. An ji ana tura kaset gaba, ana tsayarwa, ana juya shi, ana sake turawa. Ko'ina garaya. Aka daɗe. Da ƙofar ta buɗe, Malam Shehu bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Wa ya kai?"

"Ni ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi Hajiya Binta. "A aika wa mutanen nan kada su wahalar da kansu."

Washegari Labaran ya zo ya durƙusa a ƙofar gida ya ce laifinsa ne, shi ya ga kunnuwa a karye ya liƙe. Malam Shehu ya wuce shi ya tafi masallaci kamar ba mutum a wurin.

Kwana uku bayan haka Husaina ta kawo takarda, layi biyu kacal:

"Kada ka ƙara zuwa. Ka yafe mini. Safara'u."

A makon ne kuma ya hango Besfar Audu a gindin darbejiya. Ya koma shago ya zauna, ya haɗa wannan da wancan, ya yanke wa kansa hukunci irin na masoya, wanda kullum mafi muni suke zaɓa. Sai da Husaina ta biyo ta same shi ya rame.

"Ta zaɓi mai Besfa ko?"

"Kai dai ba ka da kai," in ji ta. "Ko fitowa ba ta yi masa. Cewa take ita ta kashe wanta karo na biyu, ba ta cancanci farin ciki ba. Abinci ma sai Hajiya ta tsaya a kanta."

Ya ɗauki kati ya rubuta:

"Yayyafi, na ji, ba zan zo ba. Amma ki daina ɗaukar kayan da ba naki ba. Ke kin ɗauki kaset mara suna, kowa zai iya. Ni na ga alama na rufe ta. Ki ci abinci. Ki ba ni wata ɗaya."

Ya je gidan rediyo, aka ce masa ba a ajiye faifan wasan ƙwallo har shekara bakwai. Ya bi duk masu shagon kaset daga Kawo har Kasuwar Barci, ko akwai wanda ya ɗauka a gida. Babu. Daga ƙarshe ya yarda da abin da ya sani tun farko, abin da aka goge ya tafi. Sai ya rufe shago, ya rataya rakoda a kafaɗa, ya shiga neman mutanen da suka buga wasan.

Wata Asabar cikin watan Yuni, ana yayyafi bayan la'asar, ya yi sallama a gidan mai darbejiya biyu, rakoda a nannaɗe cikin leda. Malam Shehu ya leƙo ya gan shi a jiƙe. Komai fushinsa, ba ya barin mutum a ruwa.

"Shigo zaure. In ya ɗauke ka tafi."

Labaran ya durƙusa. "Baba, ban samo abin da na ɓata ba. Ba ya samuwa, kuma ba zan taɓa iya biya ba. Wannan wani abu ne daban. In ka ji ba ka so, ba za ka ƙara ganina ba."

Malam Shehu ya zauna a kan tabarma. Labaran ya danna. A bayan labule Hajiya Binta da Safara'u sun riga sun tsaya.

Muryar farko mai kauri ce, ana jin hon ɗin motoci a bayanta. "Sunana Rabe, direba a tashar Kawo. Ni ne lamba bakwai. Ni na ba shi ƙwallon nan. Ya tare da ƙirji, ya sa ƙafar dama, sai raga."

Malam Shehu ya ɗan motsa.

Ta biyu siririya ce, keken ɗinki yana ƙara a gefe. "Inuwa tela, Unguwar Shanu. Mu biyu muke ɗaki in mun yi tafiya. Kada ka ji ta Rabe, da ka ya ci. Ya yi sama ya fi kowa, ya sa mata kai."

"Kai!" in ji Malam Shehu. "Tsayar da abin nan. Wane irin kai? Wace dama? Da hagu ne!"

Labaran ya tsayar.

"Su da suke filin ba su sani ba? Minti na saba'in da takwas. An yi bugun kwana, aka maido ta." Ya miƙe zaune. Muryarsa ta sauya, ta yi sauri, ta zama ta mai sharhin rediyo, har da inda yake jan numfashi. "Ga ta nan ta dawo tsakiya, lamba bakwai ya tare, ya duba, ya ba lamba tara, ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, gola ya fito, ya sa hagu, ta shiga! Ta shiga! Sanda! Sanda! Sanda ɗan Unguwar Dosa!"

Hajiya Binta ta dafe bango. Shekara talatin da haihuwar ɗan farinta, ba ta taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba, kunya ba ta bari. Ko ranar da aka kawo gawa "yaron nan" ya ce.

Shi ma Malam Shehu ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya zuba wa tabarma ido. Ruwa yana sauka a kwanon zaure a hankali.

"Akwai saura, Baba," in ji Labaran a hankali.

Ya ɗaga masa hannu alamar ya saka.

Muryar Inuwa ta dawo, keken ya tsaya. "Da ya gaida Babansa a rediyo, na ce masa, kai da tsohon nan ya ƙona maka takalma, wa ya ce maka yana ji? Sai ya yi dariya. Ya ce, Inuwa, duk Asabar ɗin da muke da wasa, in na fito da safe sai in ga Baba ya jera batiran rediyo a kan katanga suna shan rana, don su yi ƙarfi. Ranar da ba mu da wasa ba ya shanyawa. Ya ce, yana ji mana. Kada dai ka nuna masa mun sani, ba zai ji daɗi ba."

Malam Shehu ya ja hularsa ya rufe fuska. Shekara bakwai yana saurarar kaset ɗaya yana neman gafarar maganar da bai faɗa ba, ashe yaron ya tafi da ita a aljihu. Kuka ya yi sosai, irin na dattijon da ya daɗe bai yi ba, kafaɗunsa suna rawa. Labaran ya sunkuyar da kai bai ɗago ba.

Da ya natsa ya share fuska da hannun riga. "Su nawa ka samu?"

"Tara, Baba. Har golan da aka ci."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce hagu."

"To ka gani." Ya ja numfashi. "Abin da ka yi, ka yi shi. Ba zan ce maka bai yi mini ciwo ba, har gobe zai yi. Muryarsa ta tafi." Ya juya wajen labule. "Safara'u, na san kina nan. Fito."

Ta fito ta durƙusa nesa kaɗan, hawaye har haɓa.

"Ki daina azabtar da kanki, na yafe miki tun ranar, bakina ne ya yi nauyi. Nauyin bakin nan ya taɓa cuta ta sau ɗaya, ba zai ƙara ba. Kina son yaron nan?"

Ta rufe fuska da mayafi.

"Ba na son alama. Yau a gidan nan faɗa ake yi da baki."

"Ina son shi, Baba."

"Kai kuma ka gaya wa magabatanka ina jiransu ranar Juma'a."

Da zai tafi ta raka shi bakin ƙofa, ruwa bai gama ɗaukewa ba.

"Ka rame, Sarkin Kiɗa."

"Ke kin ga kanki kuwa?"

"Wane kiɗa ake sa wa rana irin ta yau?"

Ya yi tunani da gaske, ya girgiza kai. "Ba ni da shi, Yayyafi. Yau dai a bar ta haka."

An ɗaura auren Labaran da Safara'u ranar wata Asabar a ƙarshen damina, a ƙofar gidan Malam Shehu. Audu ma ya zo, ya ci goro ya yi addu'a, mutumin kirki ne dama. Tsofaffin 'yan wasan nan su tara suka cika tabarma guda, wasu da tumbi, wasu da furfura, suna ta musun dama da hagu har liman ya yi gyaran murya.

Abin da aka daɗe ana labari a unguwa shi ne yadda uban amarya ya matsa a ɗaura da ƙarfe sha ɗaya, kada a wuce. Ƙarfe huɗu saura kwata aka gan shi da babbar rigarsa a gaban bas ɗin Rabe, za shi filin wasa kallon ƙwallo, karon farko a rayuwarsa. Kafin ya hau ya shiga cikin gida, ya sami amarya a lulluɓe tsakanin ƙawayenta, ya dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka," ya ce. "In Allah ya ba ku ɗa ya yi abin kirki, ku gaya masa a ranar. Kada ku bari sai gobe."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi, a waje Rabe yana ta danna hon.